Jan gaba, turin baya ko dabal: amsoshin tambayoyin da ake yi mini a warsha

Sana'ata gyaran ƙafar mota ce: shokazoba, bushin, birki, saita taya. A wata warsha nake a sana'iyyar Jidda, unguwar masu gyaran motoci, kuma da yake 'yan'uwa Hausawa sun san akwai nasu a wurin, ba a rasa masu leƙowa, wasu da mota, wasu da musu kawai. Musun da ya fi tashi, musamman tsakanin samarin da aka haifa a nan, shi ne na mota mai ja da gaba da mai turi da baya. Larabawa na cewa dafa' amami da dafa' khalfi, mai ja da ƙafa huɗu kuwa dabal ake ce mata. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da abin da nake amsawa in hannuna ba ya cikin girisi.

Tun farko ma, mene ne bambancin?

Inji yana juyawa, giya ta karɓa, sai a miƙa ƙarfin ga tayoyi. Tambayar ita ce waɗanne tayoyi. A Camry, Accent, Elantra da Yaris, na gaba ne ke ja. Injin a gicciye yake, giya na manne da shi, gajerun shaf biyu da ake kira ukus a nan suna fita zuwa tayoyin. A Hilux, Hiace, Charger, Mustang da tsofaffin Caprice da Crown Victoria, doguwar farfela ce ke bi ta ƙarƙashin mota ta kai ƙarfin baya. Jan gaba kamar mai amalanke ne da jakinsa a gaba, turin baya kamar mai tura kurar ruwa. Dabal kuwa an raba aikin ga duka huɗun.

Dattawan da suka yi tuƙi a gida kafin su zo nan sun san duka biyun ko da ba su sa musu suna ba. Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna da baya take turi, Golf ɗin da ta gaje ta a tashoshin mota da gaba take ja.

Me ya sa ake cewa mai jan gaba ba ta son kwana?

Nan ne gindin maganar, don haka bari in ɗan zauna a kai. Duk girman mota, abin da ke taɓa kwalta daga kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba. Riƙon da wannan ɗan wuri ke iya yi yana da iyaka, kuma asusu ɗaya ne. Daga cikinsa ake cirar na ja, daga cikinsa ake cirar na birki, daga cikinsa ake cirar na shan kwana. In ka kwashe da yawa don abu ɗaya, na ɗayan ya ragu.

To a mota mai jan gaba, tayoyin gaba su ke juya mota, su ke janta, su ke ɗaukar mafi yawan birki, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin motar a kansu yake. Na baya kuwa 'yan rakiya ne. In ka shiga kwana da gudu, ka kuma taka totur a tsakiyarta, ka nemi tayoyin gaba su tauna taura biyu. Sai su saki. Kana murza sitiyari, hancin motar yana zarcewa waje kamar ba da ita kake ba.

Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Duk lokacin da mota ta zabura, nauyinta baya yake komawa, shi ya sa bayanka ke mannewa da kujera. Ga mai turin baya wannan riba ce, domin nauyin ya danne tayoyin da ke aiki. Ga mai jan gaba asara ce, domin a daidai lokacin da take buƙatar riƙo, an ɗage nauyi daga kan tayoyinta. Wannan ba laifin wani kamfani ba ne, haka lissafin yake ga kowa.

In hancin ya zarce haka, me direba zai yi?

Ya ɗan sassauta totur a hankali, ya rage murɗin sitiyarin kaɗan maimakon ya ƙara, ya kalli inda yake son zuwa. Da gudu ya ragu nauyi zai dawo gaba, tayoyin su sake kamawa.

Na ga wannan da idona daga kujerar mai zaman banza. Ɗan ƙanwata ne ya ɗauko ni da ƙaramar motarsa ranar da aka yi ruwan farko bayan watanni. Duk wanda ya zauna Jidda ya san kwaltar wannan rana: ƙura da mai da dattin taya na tsawon rani sun jiƙe, titi ya zama kamar an zuba miyar kuɓewa. Muka shiga wani shataletale, ya ba ta wuta kamar yadda ya saba, sai mota ta nufi bakin rasif, dutsen gefen titi, kai-tsaye. Ya ƙara murɗa sitiyari, ta ƙara ƙi. Na ce, "Ɗaga ƙafarka, yaro!" Ya ɗaga, ta dawo layi, saura kamar taku ɗaya mu dangana da dutsen. Da muka tsaya a danja sai ya ce, "Kawu, wallahi sitiyarin ne ya mutu." Na ce masa sitiyari lafiyarsa lau, riƙo ne ya ƙare.

Abin da ya cece mu shi ne dalilin da ya sa kamfanoni ke son wannan tsari ga motar iyali. Abin da tsoro ke sa mutum ya yi, wato ɗaga ƙafa, shi ne maganin. Sai dai a kula: in gudun ya yi yawa ƙwarai aka kuma saki totur farat ɗaya a tsakiyar kwana, nauyi na iya tsere wa tayoyin baya har ƙugun motar ya watso. Mai jan gaba ma tana juyawa.

Ita mai turin baya ba ta da nata aibin?

Kowane allazi da nasa amanu. Alherinta shi ne an raba aiki: na gaba su juya, na baya su tura. Sitiyarinta ya fi tsabta a hannu, nauyinta ya fi daidaita, BMW ma ta daɗe tana tallar cewa nata rabi da rabi ne. Wajen fita daga kwana tana iya karɓar wuta da wuri. Amma in wutar ta fi ƙarfin tayoyin baya, su ke saki, kuma in baya ya saki mota juyawa take son yi. Gyaran yana buƙatar saurin hannu, a maida sitiyari wajen da ƙugun ya nufa, a rage totur ba tare da an sake shi gaba ɗaya ba, sannan a dawo da sitiyarin a kan lokaci. Wanda bai koya ba ba ya iyawa a karon farko.

Waɗanda suka tuƙa Lumina SS ko Caprice mai silinda 8, waɗanda aka ƙera a Ostareliya, sun san yadda suke wutsil-wutsil ranar ruwa. Motocin yanzu suna da na'urar da ke taka birkin taya ɗaya-ɗaya don daidaita mota, wadda Mercedes da Bosch suka fito da ita a 1995. Maɓallin da ke kashe ta yana nan kusa da giya ko sitiyari, kuma shi samari ke fara dannawa. A titin jama'a ban ga dalili ba.

Motata in na taka ta da ƙarfi sai sitiyari ya riƙa fizgewa gefe. Lalacewa ce?

Wani lokaci lalacewa ce, bushin ya mutu ko iskar tayoyin ba ɗaya ba. Amma a mai jan gaba mai ƙarfin inji, hali ne. Da yake giya na gefe ɗaya, sau da yawa ukus ɗin hagu da na dama ba tsawonsu ɗaya ba, ƙarfin kuma yana bi ta tayoyin da ke haɗe da sitiyari, to dole hannunka ya ji. Kamfanoni sun yi dabaru. Ford ta sake fasalin ƙafar gaba a Focus RS ta 2009, Honda ta yi irin nata a Civic Type R, sannan ana sa difrans, wato giyar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyi biyu, irin mai hana taya ɗaya yin juyin banza. Wannan difrans ɗin, a ganina, shi ya fi komai canja halin mota mai jan gaba. Ba tare da shi ba, tayar cikin kwana ce ke ta ƙugi tana hayaƙi, ta waje mai riƙo tana zaune ba aiki.

Kenan mai jan gaba ba motar gudu ba ce, motar cefane ce?

Wannan ita ce maganar da nake yawan musantawa. A 1959 aka fito da Mini a Ingila, 'yar mitsitsiyar mota mai injin gicciye da jan gaba. Ita ce ta cinye gasar Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967, a kan duwatsu da ƙanƙara, gaban motocin da suka ninka ta ƙarfi. A 1966 ma ita ta zo ta ɗaya, aka soke ta kan batun fitilu. Rashin nauyi ne makaminta, da kuma injin da ke zaune a kan tayoyin da ke ja. Golf GTI ta biyo a 1976 ta buɗe wa ƙananan motoci masu zafi kasuwa. Yau akwai rukunin tsere na TCR wanda duk motocinsa da gaba suke ja, ana kuma gwabzawa sosai.

Ga ma'auni. A filin Nurburgring na Jamus, mai tsawon kilomita 20.8, inda kamfanoni ke zuwa gwada kansu, Civic Type R ta zagaya cikin minti 7 da daƙiƙa 44.881 a 2023, da ƙarfin doki ɗari uku da 'yan kai. Wanda ya ce wannan motar cefane ce bai shiga cikinta ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, akwai rufin da ba ta wucewa. A wannan filin dai, Porsche 911 GT2 RS mai turin baya ta yi minti 6 da daƙiƙa 43 a 2021. Tazarar minti guda cur. In ƙarfin inji ya kai wani matsayi, tayoyin gaba ba sa iya sauke shi ƙasa. Nissan ta gwada sa'arta a tseren awa 24 na Le Mans a 2015 da mota mai jan gaba, abin bai yi kyau ba, aka rufe shirin a shekarar. Motocin Formula 1 da ke zagaya filin Kornish na nan Jidda tun Disambar 2021, kilomita 6.174 da kwana 27, duk da baya suke turi, dokar gasar ma ba ta yarda da ja da ƙafa huɗu ba.

To ai dabal ta haɗa alherin duka biyun, ko?

Wajen tashi, e. Babu mai kamo ta daga tsaye, balle a kan santsi ko tsakuwa. Audi ta nuna wa duniya haka da Quattro da ta fito a 1980. Ta ɗauki kambin kamfanoni na gasar rali ta duniya a 1982 da 1984, kuma Lancia 037 ta 1983 ita ce mai turin baya ta ƙarshe da ta ci wannan kambi.

Inda ake yaudarar kai shi ne birki. Kowace mota da tayoyi huɗu take tsayawa. Dabal ba ta ƙara maka riƙo ko ƙwaya ɗaya wajen tsayawa ko shiga kwana, ƙarin nauyi ma ta ɗora maka, ga shan mai, ga ƙarin kayan da za su lalace. Haɗarinta shi ne tana ɓoye santsin titi. Mai ja da ƙafa biyu tana tashi za ta ɗan yi ƙugi ta gaya maka yau ƙasa ba daɗi. Dabal za ta tashi lafiya lau, ba za ka sani ba sai ka zo taka birki.

Kuma ba duka suke da hali ɗaya ba. Golf R asalinta mai jan gaba ce, sai an buƙata take tura ƙarfi baya. Nissan GT-R akasin haka ce, baya ne gidanta, gaba ake taimaka wa. A kwana kowacce halin asalinta take nunawa.

Dabal ɗin Hilux da Shas, wato Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, ɗaya ne da na waɗannan?

A'a. Nasu na sakawa da cirewa ne, kuma in an saka, gaba da baya a kulle suke tare. A rairayi daidai ne. A busasshiyar kwalta kuwa, tayoyin gaba suna bin hanya mafi tsawo a kwana fiye da na baya, ba kuma inda bambancin zai fita, sai ƙarfe ya riƙa murɗa ƙarfe. Kada a yi.

Tunda an zo maganar sahara, ga abin da ke ba masu musu mamaki. Gasar Dakar ta zo Saudiyya a 2020. Wanda ya ci a shekarar, Carlos Sainz, da wanda ya ci a 2021, Stephane Peterhansel, duk da Mini mai turin baya kawai suka ci. Dokar lokacin ta ba masu ƙafa biyu damar manyan tayoyi da doguwar ƙafa da rashin nauyi. Da aka ba masu dabal irin waɗannan tayoyi a 2022, sai Nasser Al-Attiyah ya ci sau biyu a jere da Hilux, kuma da Hilux ɗin Yazid Al-Rajhi ya ci a 2025, ɗan ƙasar nan na farko da ya yi hakan. Taya da nauyi suka yanke hukunci a duka lokutan biyu.

Idan mai jan gaba ba ta watsa baya, yaya masu tafhit, wato wasan watsa mota a titi, ke yi da Camry da Sonata?

Abin da suke yi daban ne da wasan zamiya na fili, inda mota mai turin baya ke riƙe zamiyarta da ƙarfin inji cikin gudun da aka ƙayyade. Su gudu mai tsanani suke ɗauka a miƙaƙƙen titi, su jefa nauyin motar gefe har tayoyin baya su saki. Daga nan babu wani totur da ke riƙe da ita, guduwar da ta ɗebo ce kawai ke tafiya da ita, jama'a kuma na tsaye a bakin titi. Na ga gawar irin waɗannan motoci a bayan sadaha, motar ɗaukar motoci, ana kawo su tashlih, inda ake kwance matattun motoci, rufin ya haɗe da kujera. Tun 2016 tarar karon farko riyal 20,000 ce da tsare mota kwana 15, na biyu 40,000, na uku 60,000. Ga ɗanmu mai zama da iƙama kuwa, ba sai na faɗa masa abin da shiga irin wannan shari'a ke iya jawo wa gidansu ba.

A hanyar Hada, in za a hau Ɗa'if, wacce ta fi?

Hawa da sauka ba ɗaya ba ne. Daga Makka kana ƙasa, in ka kai saman Hada kana tsayin kusan mita 2,000 daga matakin teku. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100, to a can sama kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi. Wajen hawa nauyi na baya, don haka mai turin baya da dabal sun fi jin daɗin fita daga matsattsun kwanoni. Mai jan gaba cike da iyali da kaya a but takan yi ɗan ƙugi da tayar ciki. Ba wani abu ba ne, a ba ta wuta sannu-sannu.

Saukowa ita ce jarrabawa, kuma a nan babu ruwan dutse da wace taya ke ja. Ka tsaya a ɗaya daga wuraren hutawa, inda birai ke zaune kan katanga suna jiran a jefa musu abinci, ka shaƙi iska: warin birkin da ya ƙone za ka ji daga motocin da ke wucewa. Masu ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa ke nan. Birki in ya yi zafi sosai laushi yake yi, man birkin da ya tsufa kuma tafasa yake. A sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar, ko otomatik ce tana da wannan, a taka birki kafin kwana, a sake shi ya huce. In hazo ya sauko kuwa, duk musun nan ya ƙare, kowa tafiyar kunkuru yake.

Kuɗina na taya biyu ne kawai. Gaba zan sa su tunda can ke ja?

Baya za ka sa, Alhaji, ko da gaba motar ke ja. Na san abin yana yi wa mutane banbaraƙwai, an sha yi mini gardama a kai. In gaba ya saki, ka ɗaga ƙafa ka gyara. In baya ya saki a kan ruwa, kafin ka ankara kana kallon inda ka fito. A maida tsofaffin masu dama-dama gaba, sababbin su zauna baya. In dabal ce ta dindindin, huɗun ake so su zama iri ɗaya, cinyewarsu ma kusan ɗaya.

A duba shekarar taya kuma. Lamba huɗu ce a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2324 na nufin mako na 23 na 2024. Zafin ƙasar nan yana busar da roba tun zanenta bai cinye ba. Mai jan gaba a kan taya mai kyau ta fi dabal a kan busasshiyar taya, a kowace kwana.

Motocin lantarki fa?

Sun sauƙaƙa wa injiniyoyi zaɓi, tunda babu farfela, inda aka ga dama ake ajiye injin lantarkin. Shi ya sa da yawa suka koma turin baya, masu tsada kuma a sa ɗaya gaba ɗaya baya. Lucid, wadda ta buɗe masana'anta a birnin tattalin arziki na Sarki Abdullah a 2023, tana yin iri biyun. Batirin na ƙasa, don haka ba sa tangaɗi a kwana, amma nauyinsu na cin taya.

Zan je haraj, kasuwar motocin hannu. Wacce zan saya, me kuma zan duba?

In zirga-zirgar Jidda da Makka ce da kai yara makaranta, mai jan gaba: ta fi sauƙin mai, cikinta ya fi fili, gyaranta ya fi araha. In son tuƙi ne ya kama ka kuma kana da inda za ka koya a rufaffen fili, mai turin baya marar nauyi irin Toyota 86 ko Mazda MX-5 za ta koya maka abin da mai doki 500 ba za ta koya maka ba sai dai ta tsorata ka. In kana fita barr, wato sahara, dabal.

Wajen dubawa, mai jan gaba ka nemi fili ka murɗe sitiyari har ƙarshe, ka tafi a hankali da gilashi a sauke. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas, ukus ya tafi. Ka leƙa bayan tayar gaba ka ga robar da ke rufe da shi, in ta yage za ka tarar da girisi ya fantsama a cikin ƙafar. Mai turin baya ka hau titi da ita ka saurari baya: kukan da ke tashi in ka taka ya kuma ɗauke in ka saki, difrans ne. Ka dubi tayoyin baya, in sun fi na gaba cinyewa nesa ba kusa ba, ko ka ga ɓurɓushin baƙar roba manne a cikin mudgad, to mai ita ya sha wasa da ita, duk rantsuwar da dillali zai yi maka cewa motar wani dattijo ce daga gida sai masallaci.